Yadda Na Miƙe wa Zarton Kakanmu Haƙora

A tsohon ɗakin kakanmu da ke Tudun Wada na tsinci zarton, ranar da muka fito da tarkace za a sake rufi kafin damina. Marigayin kafinta ne a reluwe. Da na ga abin kwance bayan adaka, tsatsa ta yi masa jawur kamar an tsoma shi a manja, sai na ji jinin kafinta ya motsa min, ni da ko ƙusa ban taɓa bugawa ta shiga a miƙe ba. Ɗan jari-bola ya taya ɗari biyar, na ce albarka.

A jikin mariƙin akwai wani faffaɗan noti na tagulla. Na murza shi da lemon tsami da toka, rubutu ya fito: Warranted Superior. Na ce wa uwargida, "Kin ga sunan Baturen da ya ƙera shi. Kakarmu ta yanke saƙa." Ta ce, "To Malam, kafin kuɗin su iso, a gyara mana bencin tsakar gida."

Na kwance mariƙin, na shafa wa ƙarfen kananzir, na sa samfefa mai kaushi na yi ta dirza har ya koma kamar madubi. Wajen tsakiya na ga wasu haruffa suna fitowa, na ƙara ƙarfi don su fito da kyau. Suka tafi. Abin da ya rage kawai FFIELD.

Sai na duba haƙoran. Wannan ya karkata dama, na kusa da shi hagu, haka har ƙarshe. Tausayi ya kama ni, na ce wahalar shekaru ce. Tsawonsa inci 26, haƙora takwas a kowane inci, sama da 200 ke nan. Na ɗora shi kan dutsen guga, na bi su ɗaya bayan ɗaya da guduma, tun daga La'asar har aka kira Isha'i. Suka jeru reras kamar sahun Idi.

Washegari na tara yara, na kafa shi a katakon benci. Ja uku, ya cije. Ba gaba ba baya. Haka na shiga Keke Napep da zarto maƙale a katako zuwa wajen 'yan katako a Sabon Gari, fasinjoji na ta matsawa.

Tsohon kafintan da aka nuna min ya zare shi, ya kanne ido ɗaya ya hangi layin haƙoran.

"Yaro, wane maƙiyin Allah ne ya yi wannan?"

"Haka na same shi, Baba."

"Sawun gudumar ma sabo ne."

Ashe da gangan ake karkata su, domin hanyar da suke yankawa ta ɗan fi kaurin ƙarfen faɗi, ya samu wurin wucewa. Superior ɗin ma ba mutum ba ne. Wani yaronsa ya duba waya ya ce kamfanoni barkatai ne suka riƙa sa wannan tambarin. Sunan maƙerin na ainihi a jikin ƙarfen yake, wato wanda na dirje. Mun dai san daga Sheffield ta Ingila ya fito, garin kamfanin ƙera zarto na Spear & Jackson, amma ko su ne, samfefa ta tafi da amsar.

Baba ya matse shi tsakanin katako biyu, ya daidaita tsinin haƙoran, ya mayar musu da karkatarsu, biyu suka karye, sannan ya bi kowanne da magagari mai kusurwa uku. Yanzu yana cin katako kamar wuƙa a kabewa. Kuɗin aikin ya isa sabon zarto.

Jiya autanmu ya shigo yana cewa sabon haƙorinsa ya fito a karkace. Uwarsa ta yi wuf ta ja shi ɗaki, ina jin ta tana raɗa: "Kul, kada babanka ya ji."