Ku mayar mana da makunnin Exp. Share

Wai don Allah wa ya roƙi Game Freak, masu yin wasannin Pokémon, su cire makunnin Exp. Share, tsarin da ke raba makin ƙwarewa ga duk dodannin tawagarka? A Pokémon X da Y na 2013 kana iya kashe shi. A Sword da Shield na 2019 kuwa dole ne: dodon da ya fafata ya kwashi cikakken maki, sauran biyar ɗin da ko motsi ba su yi ba kowa ya samu rabi. Ka ɗan daɗe kana kamun dodanni a ciyawa, sai ka tarar ka wuce shugaban Gym (babban abokin karawa a wasan) mataki, bugu ɗaya ya kife. Har EV, makin da ke ƙara wa dodo wani fanni kamar gudu ko ƙarfi, ake raba musu, su ɓata dodon da kake rainonsa don gudu. A tsohon wasan HeartGold kuwa, Miltank mai mataki 19, dodanniyar wata shugabar Gym mai suna Whitney, ita kaɗai ta isa ta sa ka zufa.