Ranar da na daka burodi a turmi

Maman Ummi ta tafi Katsina wajen ƙanwarta da ta haihu, ta kwashe yaran, ta bar ni da gida da kaji. Kun san halina, safe shayi da burodi, dare shayi da burodi. Ni kaɗai ba na cinye guda, sai in ɗaure ragowar a leda in ɗora saman firij, washegari in ji ya yi tauri in sayo sabo. Ga hunturu, iskar Kano a Janairu ba ta barin burodi ya yi fumfuna, busar da shi take ƙayau. Kafin in ankara leda ta cika da gutsattsari.

Zubarwa kuma, a wannan marra? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 buhun fulawa ya yi tashin gwauron zabo a Kasuwar Singa, alkamar ma yawancinta daga waje ake shigo da ita, burodi ya ƙara kuɗi ya kuma rame. Ga limaminmu bai daɗe da ja mana ayar nan ta Suratul Isra'i ba, cewa almubazzarai 'yan'uwan shaiɗanu ne. Mu da muka tashi da ɗumame, ko ƙanzon tukunya Inna ba ta zubarwa, jiƙa shi take ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Na taɓa ganin Maman Ummi ta mayar da busasshen burodi gari, ta haɗa da ƙwai da albasa da attaruhu ta mulmula ta soya. Na ce wannan ai ba sai an je makaranta ba.

Babu wuta, bilenda ba ta da amfani. Sai na mirgino turmi tsakar gida.

Bugun farko wani gutsure ya yi tsalle ya faɗa akurkin kaji. Gari ya fara tashi yana shigar min hanci, na jawo wani tsohon ɗankwalinta daga igiya na ɗaure fuska. To ku ƙiyasta: singileti, gajeren wando, ɗankwali mai furanni a hanci, taɓarya a sama. A haka na ji murya daga kan katanga.

"Kaka! Kaka! Zo ki ga Baban Ummi yana daka!"

Yaron nan ne na bayan gidanmu. Ba kira ya yi ba, shela ya yi, har da maimaitawa don waɗanda ba su ji ba. Na ji an daka masa tsawa ya sauko, na ce alhamdulillahi akwai manya a gidan. Sai na ji ana jan bokiti a ƙasa. Aka kifa shi. Kan Hajiya Kaka ya ɓullo a hankali, matar da kullum take kukan ciwon gwiwa in an ce ta zo suna.

"Sannu da aiki, ɗan nan."

"Yauwa Hajiya, ina wuni." Taɓarya na nan a sama, na rasa in sauke ne ko in buga.

"Gero ne? Da ka miƙo ai yara sun kai inji."

"A'a, ɗan wani abu ne."

"Wane abu?"

"Burodi."

Ta yi shiru. Ta leƙa turmin, ta dube ni, ta dubi ɗankwalin. Ta ce, "Burodi." Ba tambaya ba ce, ajiye kalmar kawai ta yi a tsakaninmu. Sai ta juya ta faɗa wa na ƙasa, "Wai burodi ne." Daga can na ji dariyar mata da aka toshe da mayafi, kuma wallahi ta fi ta mutum biyu. Ta juyo ta ce ba haka ake riƙe taɓarya ba, in sassauta hannu kar kafaɗa ta riƙe, in kuma riƙa juya shi. Gyara ta yi min! Kafin ta sauka ta ce, "Allah ya dawo da ita lafiya," da irin muryar da ake yi wa mutum jaje.

Shi wannan yaro dama muna da tsohuwa da shi. Shi ne ranar da mai ya ƙare min a Kabuga na turo babur har gida, ya tsaya a bakin layi yana tambayata da ƙarfi ko lalacewa ya yi ko babu kuɗin mai ne. Shi ne ya gaya wa mai kanti cewa ina ciki, alhali an ce masa na fita. Kuma duk Sallah ni nake ba shi sabbin kuɗi, nasa ma ya fi na sauran don ubansa abokina ne. Ban san me yake yi a kan katanga kullum ba. Islamiyya ake cewa yana zuwa da yamma, ni dai ban taɓa ganin katangar ba shi ba.

Suyar ba ta da wani dogon labari. Na fasa ƙwai huɗu, na mulmula, na jefa a mai. Na farko suka watse, garin ya shanye rabin kwalbar man gyaɗa. Sauran suka yi baƙi a waje, cikinsu danƙo. Kuɗin ƙwai da mai sun ninka na burodin da na ceto, amma na ci uku a tsaye don kar a ce.

Bayan magariba aka yi sallama. Yaron ne, da kwanon tuwo da miyar kuka, wai in ji Kaka kar in wahalar da kaina. Ya tsaya yana leƙen turmin. Tuwon ya yi daɗi, wannan ba zan ɓoye ba.

A majalisa labari ya riga ni isa. Kun san wanda ya fara tambayar nawa nake dakan mudun fura, ba sai na kama suna ba, shi da har yau bai dawo min da cajata ba. Maman Ummi kuwa tun tana Katsina aka buga mata waya. Da ta dawo ba ta ce komai ba sai ɗankwalin da ta tambaya. Ragowar garin yana cikin gwangwanin Bournvita, ta ce za ta yi amfani da shi.