Ranar da na durƙusa gaida surukata

Kun dai san maganar minsharina, ba sai na maimaita ba. Maman yara ce ta matsa, na je aka kwantar da ni dare ɗaya da wayoyi a ka da ƙirji. Likita ya ce numfashina na ɗaukewa fiye da sau 30 a awa guda, nawa ya shiga layin mai tsanani, sai na'urar CPAP, mai hura wa mutum iska ta hanci yana barci don kada maƙogwaro ya toshe. Da na ji kuɗinta na ce a dakata tukuna. Sai abokin nan namu, mai cewa komai yana da hanyarsa, ya kawo mini ta hannu, wai ta kawunsa ce.

Abin da bai faɗa mini ba, ita wannan ƙarfin iskarta ɗaya ne tun daga kwanciya har asuba, kuma daidai maƙogwaron kawun aka saita ta, a kan 16. Kawun da wuyansa ya kai cinyata kauri. Kwana uku ana hura ni kamar taya a wajen mai faci. Iskar da huhu ya ce ya ƙoshi, sai ta zarce ciki ta zauna.

A kwana na huɗu Hajiya, surukata, ta kwana gidanmu. Da safe na sa hula, na shiga falo cikina kamar ganga, na durƙusa.

"Hajiya, ina kwa..."

Ban kai ƙarshe ba. Jama'a, ba irin wadda ake rufewa da tari ba ce. Doguwa ce, mai hawa da sauka. Ta tsaya, na ce alhamdulillahi, na ɗan gyara gwiwa, sai ta ɗora daga inda ta tsaya. Na kafa wa kafet ido har na haddace zanensa. In tashi, ban san abin da ya rage ba. In zauna, haka.

Hajiya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Lafiya lau. An tashi lafiya? Ya aiki? Ya ƙarfin jiki?"

Gaisuwar da ba ta wuce minti ɗaya, ranar sai da ta tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe ta juya wajen 'yarta, murya ƙasa ƙasa: "A jiƙa masa kanwa."

Ita Hajiya na yafe mata. Wadda ban yafe wa ba ƙanwar maman yara ce. Yarinyar da ni na biya mata kuɗin JAMB har sau biyu, ita ce ta ruga kicin da tiren shayi, kofuna na ƙara, tana shiɗewa. Har yau in na yi sallama sai ta ce, "Yaya, kar ka durƙusa, an yafe." Za ta zo neman kuɗin makaranta, ina nan.

Na koma wajen likita na faɗa masa rabin labarin. Ya ce haɗiyar iska ce, an saba gani in ƙarfin ya yi yawa. Ya canza mini zuwa APAP, mai ƙara iska in maƙogwaro ya toshe, ta rage in ya buɗe, tsakanin 4 da 20. Ni ashe 9 ma ta ishe ni yawancin dare.

Abokin namu ya ce kawun ya riga ya ci kuɗin. Jiya kuma direba ya kawo saƙo daga Hajiya, ƙullin kanwa ne a baƙar leda.