Ƙibar ma'aikaciya a Kano da a Landan

Shekara shida ke nan ina aikin jinya a Landan, bayan shekara tara da na yi ina aiki a Kano, kuma a wuraren biyu na ga yadda tsarin yinin mace ma'aikaciya yake tara mata jiki ba ta ankara ba.

Yayata ma'aikaciyar ofis ce a Kano. Tana tashi da asuba ta ɗora girki, ta shirya yara, ta fita ba ta karya ba. Adaidaita Sahu ke ɗaukar ta daga ƙofar gida zuwa ƙofar ofis, inda take zaune har la'asar, abin da ke shiga cikinta kuwa bai wuce fanke da cincin da lemon kwalba mai sanyi ba. Abincin kirki sai bayan isha'i, ta ci malmalar tuwo biyu ta kwanta a kai. Kakarmu ma tuwon nan ta ci, har da man shanu, amma ita ta yi surfe, ta yi daka, ta ja guga a rijiya. Yaya tana gajiya ƙwarai, sai dai gajiyarta ta zama ce da ɗawainiya, wadda ba ta ƙona kitse.

Abin da ya fi damuna shi ne yabon da ake yi wa ƙibar. Da na je gida bara, a gabana wata maƙwabciya ta ce mata, "Hajiya, kin murje, lallai Alhaji yana ƙoƙari," alhali a watan ne likita ya ɗora ta a kan maganin hawan jini. A garin da har yau wasu 'yan mata ke shan sha-ka-fashe don kada a ce sun rame, da wuya mace ta ɗauki ƙibarta a matsayin cuta.

Landan ma tana da nata tarkon. Aikin dare na awa 12, da cakulan mai arha a kowace kusurwa, da hunturun da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, sun ƙara mini kilo takwas a shekarar farko. Bambancin shi ne a nan dole na taka zuwa tashar jirgin ƙasa kullum, kuma likitata ba ta ɓoye mini komai ba. Ta auna ƙuguna, ta ce ya haura santimita 80, ta tuna mini cewa ga mu 'yan asalin Afirka ana lissafin ƙiba daga 27.5 a ma'aunin BMI, wato awon nauyin mutum gwargwadon tsayinsa, maimakon 30, saboda ciwon suga yana saurin kama mu. Tun 2018 Birtaniya ta sa haraji a kan lemo mai yawan sukari, har kamfanoni da dama suka rage shi, yayin da naira 10 a kan lita da Nijeriya ta fara karɓa a 2022 ba ta hana kowa sha ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Na san wannan yana da wuya ga matar aure a Kano, inda rana ke da zafi, gefen titi ya cika da masu kasa kaya, kuma idanu ke bin macen da ta fito atisaye. Shi ya sa muka yi yarjejeniya da Yaya cewa za ta riƙa sauka daga Adaidaita ana saura kwanar titi ɗaya a isa gida, ta tafi ofis da gorar ruwa, ta kuma ci tuwonta kafin magariba. Tafiyar ta riƙe ta wata huɗu yanzu, amma lemon kwalba har yau muna ja da ita a waya.