Masu cewa zamanin wasiƙa ya wuce sun manta da 2021

Yanzu an wayi gari har wasu malaman makaranta na cewa koya wa yara rubutun wasiƙa ɓata lokaci ne, tunda ga imel ga WhatsApp. Ko a ina aka faɗi wannan maganar zan iya kau da kai, amma ban da Zamfara.

A watan Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta sa aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar nan saboda yaƙi da 'yan bindiga. Makonni aka kwashe babu kira, babu saƙo. Waya mai tsada da marar tsada duk suka zama fitilar haska ɗaki. Me mutane suka yi? Tasha suka nufa a Gusau, kowa da takardarsa a ninke, ana roƙon direbobi su kai Kaduna ko Kano ko Sakkwato. A lokacin ne asirinmu ya tonu. Saurayi ya gama sakandare, yatsunsa kamar walƙiya a kan waya, amma ka miƙa masa biro ya sanar da yayansa cewa Inna ba lafiya, sai ya tsaya yana kallon takarda. Dattawa ne suka fid da mu kunya, waɗansu da boko, waɗansu da ajami: "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri," a faɗi buƙata a layi uku, a rufe da "haza wasalam."

Za su ce ai imel ya fi sauri. Wa ya musa? Saurin da ke hannun mai iya kashe shi da umarni ɗaya ba abin jingina ba ne.

Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne tarihi. Muhawarar da aka yi tsakanin Muhammadu Bello ɗan Shehu Ɗanfodiyo da Shehu al-Kanemi na Borno kan halascin jihadi, ta wasiƙu aka yi ta, shi ya sa bayan shekara fiye da 200 ɗalibai ke karanta hujjar kowane ɓangare. Wasiƙun sarakuna da hatiminsu na nan a gidan adana kayan tarihi na Kaduna, ana buɗewa ana dubawa. Mu fa? Rabon gado, bashi, alkawarin aure, har sulhun gona, duk a saƙon murya. Ranar da aka fizge wayar a kasuwa ko ta faɗa ruwa, shaida ta tafi, sai rantse-rantse a gaban alƙali tsakanin 'yan uwa ciki ɗaya. Wannan sakaci ne, kada wani ya kira shi ci gaba.

Ya kamata ma'aikatar ilimi ta jiha ta tilasta rubutun wasiƙa da hannu tun daga firamare, da Hausa kafin Turanci, a daina barinsa sai jarrabawar WAEC ta matso a haddace samfuri. Makarantun allo da na Islamiyya su riƙe ajami. Hakimai da dagatai kuma su ƙi amincewa da duk wata yarjejeniyar da ba a rubuce take ba, da sa hannun shaidu.