Abin da ya sa faɗan Kung Fu Panda yake ba da dariya

Duk wanda ya ce Kung Fu Panda katun ɗin yara ne kawai, bai tsaya ya kalli yadda aka gina faɗan cikinsa ba. Ina magana ne a kan na farko, wanda DreamWorks suka fitar a 2008, Mark Osborne da John Stevenson suka ba da umarni. A ganina har yau babu wanda ya kamo shi a cikin na 2011 da 2016 da 2024, kuma dalilin yana cikin aikin hannu.

Fim ɗin minti 92 ne, kowace daƙiƙa hoto 24. Ku lissafa, hotuna sun haura dubu 130. Kafin a taɓa kwamfuta, sai an zana kowace fitowa kamar littafin hoto, a naɗi muryoyi, sannan a sa wa kowace dabba ƙasusuwa da gaɓoɓi a na'ura, masu motsa zane su bi muryar. Wato sai da Jack Black ya yi maganar Po, pandan da shi ne jarumin fim ɗin, aka motsa masa leɓe da gira. Shi ya sa idan masu fassara suka ɗora wata murya ba su auna tsawon jimla ba, barkwancin yakan mutu: baki ya rufe, magana na ci gaba.

Inda katun ɗin faɗa da yawa suke faɗuwa shi ne nauyi. A kwamfuta babu abin da ke da nauyi, sai an ƙirƙira shi. Naushi kashi uku ne: jan hannu baya, kai duka, da girgizar da ke biyo baya. A rage hotunan jan hannu, naushin ya zama shafa. A cire girgizar, wanda aka doka ya zama balan-balan. Ku lura da tumbin Po: yakan tsaya cak, tumbin ya ci gaba da rawa na ɗan lokaci. Wannan 'yar makarar ce take gaya wa ido cewa ƙato ne.

Kuma ba su yi wa dabbobin tafiya iri ɗaya ba. Damisa, biri, maciji, gauraka da ƙoƙi-ƙoƙi duk salon kung fu ne na gaske a ƙasar Sin, sai aka mayar da kowane salo ga mai shi. Macijiya ba ta da hannu, dole faɗanta ya zama nannaɗewa da bulala.

Amma fitowar da ta fi burge ni ita ce ta kwanon abinci, inda Po da malaminsa Shifu suke kokawa da tsinken cin abinci a kan curi ɗaya da ya rage. Babu jini, babu mugu. Abin da ake nema ɗaya ne, ɗan shekara biyar ma ya san inda zai sa ido, kyamara ba ta yawan yanke-yanke, kana ganin jikinsu duka. Waɗanda suka taso da finafinan Chana na Jackie Chan sun san wannan dabara, kuma shi ne ya yi muryar birin, ko da yake maganarsa a fim ɗin ba ta taka kara ta karya ba. Nan kam an yi asarar gwani.

Sai batun shuka da girbi. Tun tsakiyar fim an nuna ƙoƙi-ƙoƙi yana soka wa Po allurai, ya kasa gano jijiya saboda kitse. Ka ɗauka raha ce ta wuce. A ƙarshe Tai Lung, mugun fim ɗin, ya kai masa dukan jijiya da ya sandarar da su biri, sai ya zame wa Po cakulkuli.

Ga iyaye kuma: a na farkon, fitar Tai Lung daga kurkuku, inda ya tarwatsa karkanda dubu masu gadinsa, tana da duhu da ƙara, tana iya firgita ƙaramin yaro. Na biyu ya fi nauyi, domin ɗawisun nan Shen ya kai wa ƙauyen su Po hari, aka raba jariri da uwarsa. Wannan kam a zauna tare da yaran a kalla, kuma a kawar da tsintsiya da muciya daga kusa kafin fim ya ƙare.