Kututturen da ke gonar babanka bai mutu ba

Ƙannena matasa, duk majalisar da aka ɗauko zancen zafin bana ko ambaliyar bara, da amsa biyu ake tashi. Wani ya ce ikon Allah ne. Wani ya ce ai Turawa ne suka ɓata duniya da hayaƙin masana'antunsu, su je su gyara. Daga nan sai a koma hirar ƙwallo. Kowace amsa akwai gaskiya a cikinta, shi ya sa take da daɗin fakewa.

Ta biyun ma bari in ƙara muku hujja. Nahiyar Afirka kacokan ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. A 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alƙawarin tara wa matalautan ƙasashe dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, shekarar ta zo ta wuce ba su cika ba. A 2015 ƙasashen duniya suka cimma yarjejeniya a birnin Paris cewa za a yi ƙoƙarin kada ƙarin ɗumamar ya haura digiri 1.5 a kan yadda duniya take kafin zamanin masana'antu, sai ga 2024 ta haura, ta zama shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Amurka kuwa sau biyu Donald Trump yana fitar da ita daga yarjejeniyar. To in tambayarku ita ce ko mutanen duniya za su sauya hali don an yi taro an yi jawabi, ni ban ga alama ba.

Sai dai ɗan Adam yana sauyawa, kuma da sauri, ranar da abin ya taɓa aljihunsa. Shekara nawa ana yi mana bayanin amfanin sola muna hamma? Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi. Ku duba rufin shaguna yanzu, ku duba mai cajin waya da mai noman rani da ya jingine injin fetur ya koma famfon sola. Babu wanda ya yi musu wa'azin muhalli. Lissafi suka yi.

Labarin da nake so ku riƙe na nan kusa ne, a Maraɗi, hayin Jibiya. Bayan farin shekarun 1970 gonakin yankin sun zama fili fetal. Iska ta kwashe yashi ta binne shuka, manomi ya sake shuka sau biyu, sau uku. Ƙungiyoyi suka yi ta kawo dashe ana rabawa, mafi yawa ya mutu kafin ya ga damina ta biyu. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai aikin gona a can, Tony Rinaudo, ya tsaya ya dubi ƙananan tsirran da manoma ke sarewa duk shekara lokacin sharar gona. Ashe ba ciyawa ba ce. Toho ne daga kututturen manyan itatuwan da aka sare tuntuni, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake buƙata kawai manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi, ya sare sauran, ya kare su daga awaki. Mutanen can suna ce masa sassaben zamani.

Da farko dariya aka yi wa masu yi, don a al'ada manomin kirki shi ne mai gona tas. Akwai kuma doka tun ta zamanin Faransa da ta mai da itatuwa mallakar hukuma. Wa zai yi renon icen da in ya sare reshensa ma'aikacin gandun daji zai ci shi tara? Yunwar 1984 ta sa wasu suka gwada don a ba su abinci, sannan da aka sassauta dokar manomi ya tabbata icen nasa ne, sai abin ya bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a yankunan Maraɗi da Damagaram. Da yawansu gawo ne, wanda kuka sani yana zubar da ganye da damina, ya ba gona taki bai yi wa gero inuwa ba, da rani kuma ya ba dabbobi 'ya'ya. Mata suka huta da tafiya mai nisa neman itacen girki. Talakawan da ba su taɓa jin sunan taron Paris ba su suka yi wannan, da adda da gatari.

Mu kuma a nan me muke yi? Buhunan gawayi mota-mota suna fitowa daga daji, kuma masu sarar da masu lodin tsararrakinku ne. Ba na ganin laifin uwar da ke hura gawayi don gas ya fi ƙarfinta. Da saurayin da zai kayar da kaɗanya ko ɗorawa mai shekara hamsin don kuɗin buhu uku nake, icen da kakarsa ta ci moriyarsa har ta aurar da 'ya'ya da man kaɗe da daddawa. Sai dashen hoto, wanda ya zama yayi: a sa riga iri ɗaya, a dasa ɗari, a ɗora a Facebook, bayan mako biyu akuya ta gama da su. Gara ka dasa ɗaya a ƙofar gidanku, ka kewaye shi da ƙaya, ka ba shi ruwan alwala har ya fi ƙarfin dabba.

A birni kuma leda ce da gini a kan hanyar ruwa. Ruwan sama yanzu yakan zo da yawa a lokaci guda, wannan ba a hannunmu yake ba. Mun ga Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, mun ga Mokwa a Mayun 2025 inda sama da mutum 150 suka rasu da asubahi. Amma kwatar unguwarku da ta toshe da ledar fiya wata, ba daga Turai aka zo aka cika ta ba.

Masu cewa ikon Allah ne, haka ne, babu musu. Sai dai Manzon Allah (SAW) ya ce idan alƙiyama ta zo alhali ɗayanku na riƙe da dashen dabino, in zai iya dasawa kafin ta tsaya, to ya dasa. Wanda aka ce ya dasa a irin wannan rana, ban ga uzurinsa ba don shugabannin duniya sun saɓa alƙawari.

Bana idan lokacin sharar gona ya yi, ka bi baba ko kawu zuwa gona. Kafin a sa wuta, ka zaga ka ƙirga kututturan da ke toho. A kowanne ka bar rassa uku zuwa biyar waɗanda suka fi miƙewa, ka rage musu ƙananan rassan gindi, ka ɗaura musu tsumma don mai kiwo da mai neman itace su san akwai mai su. Tsoho zai iya cewa za ka tara masa tsuntsaye su cinye gero. Kada ka yi musu da shi, ka roƙe shi ya bar maka kusurwa ɗaya ta gonar har damina uku.